Ina maleriya take ɓuya a jiki kafin zazzaɓi ya bayyana?

Malamin Lissafi, Daura

Assalamu alaikum. Ina gaishe da malamaina na wannan zaure, musamman likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, tare da roƙon a warware mini wani lamari da ya tsaya mini a rai tun tsakiyar daminar nan.

A watan Agusta uwar yarana ta kai 'yarmu mai shekara 4 gaishe da kakarta a wani ƙauye da ke bakin fadama, suka kwana biyu a can babu gidan sauro, yarinyar ta dawo da shaidar cizo a hannuwa da ƙafafu. A gida kuwa tun tana jinjira ba ta taɓa kwana a wajen gidan sauro ba. Kwana huɗu da dawowarsu ta yi 'yar mura, sai na ce a yi mata gwajin nan na gaggawa da ake ɗiga jinin yatsa, don hankalina ya kwanta. Gwajin ya nuna babu maleriya. Murar ta wuce, ta koma wasanta, tana cin abinci yadda ta saba. A rana ta 11 da dawowarsu masassara ta rufe ta, ni kuma saboda na dogara da wancan gwaji na ɗauka murar ce ta dawo, muka yi ta ba ta farasitamol har kwana biyu. A daren na uku ta fara jijjiga, muka garzaya asibiti, aka sake gwaji, sai ga maleriya ƙarara. Alhamdu lillahi, an yi mata allurai, ta tashi, yanzu har ta koma makaranta.

Abin da nake son sani shi ne, a ina cutar ta kasance a cikin waɗannan kwanaki da yarinyar ke tsalle-tsalle lafiya ƙalau? Shin wanda ya yi gwajin farko ne ya yi kuskure, ko kuwa akwai wani lungu a jikin mutum da take laɓewa? Kuma idan Allah ya yi mana garkuwar jiki mai yaƙar duk wani baƙon abu, me ya hana ta farga tun ranar da aka yi cizon?

Akwai wata tambayar da ta daɗe tana damuna tun kafin wannan. Na yi ƙyanda sau ɗaya ina yaro, kuma har yau da na haura shekara 40 ba ta sake waiwayata ba. Maleriya kuwa ban san iyakar sau nawa na yi ta ba, kuma ko a bara ta kwantar da ni. Me ya sa jiki ke riƙe darasin ƙyanda har ƙarshen rayuwa, amma ya kasa riƙe na cutar da yake haɗuwa da ita kowace damina?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaje-gwaje, Ƙofar Sauri, Katsina

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya raya mana ita. Zan fara da wanke wanda ya yi gwajin, domin sana'ata ce, kuma na sha ganin iyaye sun dawo da irin wannan zargi cikin ɓacin rai. Gwajin gaggawa yana neman wani furotin ne mai suna HRP2, wanda ƙwayar falsifarum, wato nau'in maleriyar da ya fi yawa kuma ya fi kisa a ƙasarmu, take fitarwa bayan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. A ranar da ka kai ta, kwana biyar ko shida ke nan da cizon, cutar ba ta shiga jini ba tukuna, tana cikin hanta. Ko da madubin likita mafi kyau aka duba jininta a ranar, babu abin da za a gani.

Masana ma sun daɗe suna wannan tambaya taka. Laveran, wani likitan sojan Faransa, ya ga ƙwayar a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897, amma sai a 1948 Shortt da Garnham suka nuna a Landan cewa hanta ce masaukinta na farko. Shekara 51 ke nan ana sane da cewa sauro ke kawo ta, ba a san inda take ɓacewa a makon farko ba.

Idan macen sauro nau'in anofilis ta zo shan jini, tana fara tofa yawu a cikin fata, yawun da ke hana jini daskarewa. A cikin yawun ƙwayoyin cutar suke, a siffarsu ta farko da ake kira siforozoyit, sirara kamar zare, tsawon kowace bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita da ɗan kai ba. Yawansu a cizo ɗaya daga gommai ne zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma wannan ƙarancin kansa wata kariya ce a gare su. A cikin fata suna sulalewa da saurin da ya ninka na fararen ƙwayoyin jinin da ke farautarsu, kuma idan wata ƙwayar halitta ta tare musu hanya sai su huda ta su fita ta ɗaya gefen. Da yawa suna mutuwa a nan, wasu kuma ruwan jiki ya kwashe su zuwa curin nan da ke kumbura idan mutum ya yi kaluluwa, a hallaka su a can. Waɗanda suka dace da ƙaramar jijiya su ne jini ke ɗauka ya kai hanta cikin mintoci. Duka-duka lokacin da suke a fili daga mintoci ne zuwa 'yan sa'o'i, alhali jikin da bai taɓa ganin wani baƙo ba yana buƙatar mako guda ko fiye kafin ya ƙera antibodi, wato sinadaran da ke manne wa baƙo su yi masa shaida don a kashe shi. Kafin a gama ɗaura ɗamara, wanda ake nema ya riga ya shige gari.

Jikin siforozoyit a lulluɓe yake da wani furotin da ake kira CSP, kuma yayin da take tafiya tana zubar da shi a bayanta tana sake wani, kamar maciji da saɓarsa. Ka riƙe wannan suna, domin a kansa aka gina allurar rigakafin da ake magana a yanzu.

Abin da ke faruwa a hanta shi ne ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar. A bakin hanyoyin jinin hanta akwai wasu manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye duk wani datti ko baƙo, ana kiransu ƙwayoyin Kupffer. Matsayinsu kamar na sarakunan ƙofa ne a Katsinar da, lokacin da babu mai shiga birni sai ta gabansu. Siforozoyit tana iya ratsawa ta tsakiyar jikin mai tsaron kansa, ta bar shi a raunane, sannan ta ratsa ƙwayoyin hanta da dama kafin ta zaɓi ɗaya ta zauna. A yayin shiga takan jawo fatar ƙwayar hantar ta naɗe kanta da ita kamar jaka. Kowace ƙwayar halitta tana da hanyar share abin da ya shigo mata, kuma idan abin ya fi ƙarfinta takan kashe kanta don ta tsirar da maƙwabtanta. Cutar tana toshe hanyar sharar da furotin da take jerawa a jikin jakar, tana kuma hana ƙwayar mutuwa, domin tana buƙatar ta da rai a matsayin rumbun abinci. A cikin kwana 6 zuwa 7 ƙwaya ɗaya tak tana rarrabuwa ta zama dubbai gommai, har ta kai wajen 30,000, a sabuwar siffa da ake kira merozoyit. A duk tsawon wannan lokaci babu zazzaɓi, babu ciwo, babu kasala.

Ka kuma duba girman aikin da ke gaban sojojin jiki. Hanta tana da biliyoyin ƙwayoyi, waɗanda suka kamu kuwa watakila ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma mako ɗaya kacal ake da shi a nemo su. Ga shi hanta gaɓa ce mai yawan haƙuri da baƙi, tunda kullum jini yana kawo mata abubuwa iri-iri daga hanji, da a ce tana tayar da faɗa a kan kowanne da babu mai cin abinci ya kwana lafiya.

Fitar ma ba a fili ake yin ta ba. A 2006 da 2007 an gani a jikin ɓeraye cewa merozoyit suna fita ne a ƙunshe cikin wasu ƙullaye da aka yi da fatar ƙwayar hantar da suka cinye, sai su wuce ta gaban masu tsaron ƙofa a matsayin 'yan gida, ba sa fashewa sai sun isa ƙananan jijiyoyin huhu. Daga nan labarin ya koma na jini, kuma akwai waɗanda suka fi ni saninsa a wannan zaure.

Likitar Yara, Katsina

Malam, sannu da jinya, Allah ya kiyaye gaba. Abokin aikina ya yi bayani mai kyau, sai dai ina so in gyara wani tunani da mai karatu zai iya ɗauka daga ciki, wato cewa garkuwar jiki barci take yi a makon farko. Ba haka ba ne. Ƙwayar hantar da ta kamu tana jin akwai baƙo, tana kuma sakin sinadarin ƙararrawa da ake kira intaferon, kuma hakan yana rage yawan waɗanda ke tsira. Matsalar ita ce ragewa ba ta wadatar a nan, domin ko ƙwayar hanta ɗaya ce ta kai ga fashewa, ciwon ya kafu.

A cikin jini, merozoyit ba ta ɓata lokaci, a cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba bayan ta manne wa jar ƙwayar jini ta riga ta shige. A ɗan wannan tsakanin ma tana jawo wani furotin na jininmu ta yafa a jikinta, wanda aikinsa na asali shi ne ya hana makaman jini masu huda baƙi su far wa ƙwayoyinmu. Jar ƙwayar jini kuwa maɓoya ce ta musamman. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana baje samfurin abin da ke cikinta a bakin ƙofarta, kamar yadda mai shago ke jera kaya a waje, ta yadda 'yan sintirin jiki za su gane idan wani abu ya lalace a ciki. Jar ƙwayar jini da ta nuna ba ta da wannan tsari, don haka ba ta da bakin kai ƙara. Cutar tana zaune a ciki tana cin sinadarin da ke ɗaukar iska, bayan sa'a 48 ta fasa ƙwayar ta fito ta zama 16 zuwa 32, kowace ta nemi sabon gida. Fashewar nan da dattin da ke zubowa cikin jini su ne ke haddasa rawar sanyi da zafin jiki, amma sai yawansu ya kai wani mataki tukuna mutum yake ji.

Abu ɗaya ne take tsoro ƙwarai, shi ne saifa. Saifa rariya ce, jini yana bi ta wasu 'yan matsattsun ramuka a cikinta, duk ƙwayar da ta tsufa ko ta yi tauri sai a cire ta. Ƙwayar da cutar ta girma a cikinta tana yin tauri, idan ta bi ta saifa ba za ta fita ba. Saboda haka tun kafin rabin sa'o'in nan 48 ya cika, cutar tana tura wani furotin mai danƙo da ake kira PfEMP1 zuwa bayan jar ƙwayar, ƙwayar ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi ta daina zagayawa. Wannan gudun saifa shi ne yake kashe mana yara. Idan mannewar ta yi yawa a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yaro yana jijjiga ko ya faɗa doguwar suma, idan a huhu ne numfashi ya sarƙe. Shi ya sa ma abokin aikina idan ya duba jinin mai falsifarum, yawanci ƙananan masu kama da zobe kawai yake gani, manyan suna can a maƙale inda allurar ɗibar jini ba ta kaiwa.

A nan amsar tambayarka ta ƙyanda take. Furotin ɗin nan mai danƙo yana waje, garkuwar jiki tana ganinsa, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu takan ƙera masa antibodi. Sai dai kowace ƙwayar falsifarum tana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 60 da ake kira var, waɗanda aka bayyana su a 1995, kowace tana samar da nata launin PfEMP1 daban. Ɗaya kawai take amfani da ita a lokaci guda, sauran suna ajiye a kulle. A kowane zagaye wasu 'yan kaɗan daga cikin zuriyar sukan sauya zuwa wani launi, don haka idan antibodi suka share masu rigar farko, masu sabuwar riga sun riga sun fara yawa, sai a koma farko. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, riguna 60 ɗin da ke wajen cutar da sauron Daura ya kawo maka bana ba su ne na wadda wani sauron zai kawo maka baɗi ba, domin ƙwayoyin gadon suna cakuɗuwa suna haifar da sababbi. Ƙwayar ƙyanda kuwa fuska ɗaya gare ta a wajen garkuwar jiki a duk faɗin duniya, wanda ya gan ta sau ɗaya ya gama saninta.

Amma ban yarda cewa jikinka bai riƙe darasi ba, kuma hujjata tana cikin labarin da ka bayar. A bara ta kwantar da kai na kwanaki ka tashi, 'yarka kuwa ta kai ta ga jijjiga. Bambancin shi ne shekara 40 da jikinka ya yi yana tara sanin rigunan nan ɗaya bayan ɗaya. Kariya daga mummunar maleriya mai kisa tana samuwa da wuri, bayan an kamu wasu lokuta, kariya daga zazzaɓi tana ɗaukar shekaru masu yawa, amma kariyar da za ta hana cutar shiga gaba ɗaya ba ta cika samuwa ta wannan hanya. Kuma abin da aka tara yana raguwa idan mutum ya daɗe a inda babu cutar, shi ya sa ɗalibanmu da suka yi shekaru a ƙasashen sanyi sukan sha wuya idan sun dawo gida da damina. Kuɗin wannan makaranta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke biyansa da rayukansu, kuma Najeriya kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya.

Muna cewa dabara ko ɓad da kama don sauƙin fahimta ne, amma ƙwayar ba ta da tunani. Wadda ta kasa ɓuya an share ta, wadda ta ɓuya ita ta bar zuriya, haka aka yi ta yi tsawon dubban shekaru. Mu ma alamar wannan doguwar gwagwarmaya tana cikin jininmu, domin tun 1954 wani masani mai suna Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu rukunin jini AS sun fi tsira daga mummunar maleriya, kuma wannan ne dalilin yawan gadon sikila a ƙasashenmu. Duk da haka mai AS yana kamuwa, mai SS kuwa maleriya babban haɗari ce a gare shi.

Ungozoma Mai Ritaya, Daura

Ɗana malamin makaranta, ina taya ku murnar samun lafiyar jikata. Likita ta yi maganar sauya riga, sai ta tuna mini abin da na shekara fiye da 30 ina gani a ɗakin awo. Yarinya ta tashi a nan ƙasar Daura, ta sha maleriya tun tana goye har jikinta ya saba, amma da zarar ta ɗauki cikin fari sai ka gan ta ta ɗashe, ƙafa ta kumbura, jini ya yi ƙasa, ta zo ta haifi ɗan mitsitsin jariri. A ciki na uku ko na huɗu kuwa abin yakan yi sauƙi sosai. Iyayenmu sun lura da haka tun da daɗewa, shi ya sa ake tattalin mai cikin fari fiye da kowa.

Daga baya a wajen horo aka fahimtar da mu dalili. Daga cikin rigunan nan akwai guda ɗaya, sunanta VAR2CSA, wadda ba ta manne wa komai sosai sai mabiyiya. Namiji da yaro da budurwa ba su da mabiyiya, don haka jikinsu bai taɓa samun dalilin koyon yaƙar wannan riga ba. Ranar da mabiyiya ta samu a karo na farko, cutar ta sami sabon masauki da babu mai tsaronsa, sai ta taru a can ta tare hanyar abincin ɗan tayi, kuma sau da yawa uwar ba ta jin zazzaɓi, gwajin yatsa ma yana iya nuna babu komai. A ciki na gaba jiki ya riga ya san ta. Saboda wannan ne ake ba masu ciki ƙwayoyin nan uku na maganin rigakafin maleriya da ake kira SP a wajen awo, daga mako na 13 zuwa sama, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, ko da suna jin kansu garau. Na sha fama da matan da ke ɓoye maganin a gefen zani suna cewa ai lafiyarsu ƙalau, har sai da na koma ba na barin mace ta tashi daga gabana ba ta haɗiye ba.

Jariri kuma yana zuwa duniya da guzurin antibodi daga uwarsa, shi ya sa a watannin farko ba ka cika ganin mummunar maleriya a jikinsa ba. Wajen wata shida guzurin yana ƙarewa, daga nan sai abin da iyaye suka yi masa.

Malamin Lissafi, Daura

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, Inna kuma Allah ya ƙara girma. Na zauna da alƙalami na buga lissafin a kan abin da kuka faɗa. Mu ɗauka ƙwayoyin hanta 10 ne suka kamu, kowace ta saki 30,000 a rana ta 7 da cizo, an sami 300,000 ke nan. Idan aka cire waɗanda saifa da sojojin jiki ke kashewa aka bar ninki 10 kawai a kowane kwana biyu, a rana ta 9 sun zama miliyan 3, a ta 11 miliyan 30, a ta 13 miliyan 300, a ta 15 kuwa biliyan 3. Ranar da masassara ta fara ita ce ta 13 da kwanansu na farko a ƙauyen, kuma kwana biyun da na yi ina ba ta farasitamol su ne suka ba cutar damar ninkawa sau goma. Wannan ya girgiza ni, kuma na ɗauki laifina.

Saura tambaya biyu. A nan wajenmu daga Nuwamba har zuwa Mayu ƙasa a bushe take, sauro ya yi ƙaranci, to a ina cutar take yin rani har ta dawo da faɗuwar ruwa? Sannan idan tana da riguna masu yawa haka, allurar rigakafin da muke ji a rediyo wace riga take kamawa?

Likitar Yara, Katsina

Malam, lissafinka ya yi daidai da abin da muke gani a gadon asibiti, kuma kada ka tsananta wa kanka, iyaye da yawa sun faɗa wannan rami. Gwaji yana ba da labarin ranar da aka yi shi ne kawai, sabon zazzaɓi yana buƙatar sabon gwaji a cikin sa'a 24.

A jikin mutane take yin rani. Falsifarum ba ta kwanciya a hanta na watanni kamar 'yan'uwanta nau'in bibaks da obale, a cikin jini take zama, kaɗan-kaɗan, a jikin manya da yara masu tasowa da ba sa jin komai. Wani bincike da aka yi a Mali, inda damina da rani suke kamar namu, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa a ƙarshen rani ƙwayoyin jinin da suka kamu ba sa mannewa a jijiyoyi da wuri kamar na damina, suna daɗewa suna zagayawa, saifa tana kwashe mafi yawansu. Ragowar ba su kai yawan da zai tayar da zazzaɓi ko ya harzuƙa garkuwar jiki ba, amma sun isa su jira sauron farkon damina. Maƙwabtanmu na Garki, da ke jihar Jigawa a yanzu, sun ga ƙarfin wannan ajiya a aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a can daga 1969 zuwa 1976. An fesa maganin sauro a ɗakuna, an raba magani ga jama'ar ƙauyuka, cutar ta ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo.

Allurar rigakafi ba ta bin rigunan jini, tana tarar cutar ne tun a hanyarta daga fata zuwa hanta. Tushen tunanin ya faro daga 1967, lokacin da Ruth Nussenzweig ta nuna a Amurka cewa ɓerayen da aka yi wa allurar siforozoyit da aka raunana da haske mai ƙarfi suna samun kariya. Allurar RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, da R21 da ta amince da ita a 2023, duka a kan CSP aka gina su, furotin ɗin da abokin aikina ya ce ka riƙe sunansa. Manufar ita ce antibodi su kasance a shirye a cikin jini tun kafin cizo, tunda babu lokacin ƙera su bayan cizo. Rauninta kuma yana cikin lissafin da ka buga, domin idan guda ɗaya ta kuɓuce ta shiga hanta, dubban da za su fito ba sa sanye da CSP, allurar ba ta san su ba. Shi ya sa ake buƙatar antibodi masu yawa sosai, ga shi suna raguwa da lokaci, dole a yi allurar sau huɗu, kuma tana rage ciwo da mutuwa ne, ba ta maye gurbin gidan sauro. Najeriya ta fara ba da R21 a Disamba 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa, ga jarirai daga wata 5.

'Yarka ta wuce shekarun fara wannan allura, amma tana cikin waɗanda ake ba maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida da shi, na yara daga wata 3 zuwa wata 59, wanda Katsina tana cikin jihohin da aka fara shi a ƙasar nan a 2013. Amfaninsa shi ne yana zama a jini kusan mako huɗu, duk abin da ya fito daga hanta ya tarar da magani yana jiransa. Masu rabon sukan ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku, kuma a nan ne gidaje da yawa suke sakaci. Ka tambayi uwarta ko ta sha na zagayen Agusta cikakke kafin tafiyar. Sannan a makonnin nan ku riƙa duba tafin hannunta da cikin fatar idonta, idan kun ga sun yi fari ko tana saurin gajiya a wajen wasa, ku mayar da ita a auna jininta.